Ruwan Da Rana Ta Dafa

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, babu mai tsallakewa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Talata da hantsi, farkon bazarar nan, a ƙauyenmu na ƙasar Gangara. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Tun ranar nake son in rubuta wannan, amma duk sa'ad da na ɗauki biro sai in ji kamar in soki wani da shi. Sai yanzu hannuna ya ɗan lafa.

Zan fara da abin da kunnena ya ji a zaman makoki, don masu maganar suna nan da ransu, kuma na san akwai 'yan lakwal, masu karatun boko, a gidajensu da za su karanta musu.

Zana ce kawai tsakaninmu da maza, komai muna ji. Wani ya ce, "Allah ya ji ƙan mai madubi." Aka amsa da amin, har da 'yar dariya a ciki. Wani ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai abin nan da ya shige masa kai. Na uku ya rage murya ya tambayi wa ya yi masa wanka, kuma ko mai wankan ya sa leda a hannu. A cikin gida wata da ta girme ni ta riƙe hannun matar Kawu tana cewa, "Haƙuri, Inna. Allah ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi." Wane ciwo? Tsufa da tari suka kai Kawu. Farin tabon da ke bayan hannunsa na dama take nufi, kowa ya gane.

Ranar sadakar uku icce ya ƙare, ga baƙi daga Tanut da Belbeji ana son a dafa musu. Sai na ga an hau bishiyar dogon yaron da Kawu ya shuka, wadda ya shekara uku yana ba ta ragowar ruwan alwalarsa kafin ta kama, ana sassare ta. Ɗanyen icce ba ya kamawa, hayaƙi ya cika gida, mata suna tari suna fifita. Taku goma daga murhun kuwa ga kaskon Kawu a jingine, an juya fuskarsa bango, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma kamar abin kunya. Kuma rana tana tsaka, irin ranarmu ta Damargu da ke sa jaki ya tsaya ya ƙi tafiya. Na miƙe zan yaye tabarmar, Inna ta ce, "Bari, ba yau ba." Don ita na bari.

Wanda bai san kaskon nan ba, ga yadda yake. Tsohon kwanon talabijin ne, babba, irin wanda ake ce wa farabol. Kawu ya samo shi a bola a Damagaram, ya ɗauro shi saman mota. Ya bi cikinsa kaf ya manna fasassun madubai, kowane bai fi tafin hannu ba. In aka juya shi ya kalli rana, duk hasken da ya faɗa ciki sai ya taru wuri guda a gabansa, wurin da bai fi faifai ba. Nan ya yi wa tukunya mazauni da ƙarfe. Ka kai ƙirare wurin, kafin ka gama gaida mutum ya kama wuta. Ka ɗora ruwa, ya tafasa yana tururi, ba icce, ba gawayi, ba hayaƙi.

Da ƙuruciyarsa ya ga irin abin a Yamai, inda ya yi leburanci a wani wurin da ake gwada su. Shi ke riƙe ƙarfe wasu na walda, har ya iya. Bai yi lakwal ba, ko sunansa bai iya rubutawa, amma idonsa ya kwashe komai ya dawo da shi gida. Ya daɗe yana bin kasuwanni yana tsintar madubi, na mota, na babur, na kabad ɗin amare da ya fashe a hanya. Daga nan sunan ya bi shi.

Kawu ba a hira da shi ta ƙare. Ya kafa wata ƙusa a bakin kaskon, ya yi zane a ƙasanta. Da inuwar ƙusar ta goce daga zanen, rana ta matsa ke nan, dole a ɗan juya kasko. Ko labarin rasuwar ubanka kake ba shi, sai ya ce, "Riƙe nan, ina zuwa," ya je ya tura kasko, ya dawo ya ce, "To, Allah ya ji ƙansa, sai me ya faru?" Shayinsa kuwa sai da rana tsaka. In girgije ya taso ranar ba shayi, kuma ba ya son gaisuwa.

Wata rana ya tara mutanen gari zai nuna musu wani abu. Ya zuba ruwa cikin tsohuwar tukunyar gas, ya ɗora a wurin zafin, ya ja siririn bututu daga bakinta. Tururi ya fito da ƙarfi yana fito, ya bugi wata 'yar farfela da ya yi da gwangwanin madara, ta juya injin fitilar keke, ƙwan fitila ya kama. Ya ce, "Kun gani? In kaskon ya yi girma, tururin nan zai juya injin niƙa, ya ba asibiti lantarki. Har ma na ji an ce ana raba ruwa a fitar da wata iska mai kamawa da wuta, a ɗura ta a ajiye."

Sai wani abokin wasansa ya ce, "Ka kunna fitila da rana tsaka. To me ka ƙara mana?"

Gari ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ce, "Kai dai ko da wata aka kunna maka ba gani kake ba." Ni ban yi dariya ba, amma ban ce komai ba, kuma wannan shirun shi ne farkon laifina.

Ba don fitila ya yi kaskon ba, don mu ya yi. Duk macen Damargu ta san abin da wankan jego ke ci. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa mai zafi tukunya guda kowane wanka. Icce kuwa a ƙasarmu ya yi nisa. Da muna yara bayan gari muke samu, yanzu mace ta fita da sassafe sai azahar ta dawo da ɗan abin da bai kai kwana biyu ba, in ba ta haɗu da masu tsaron daji sun karɓe gatarin ba. Kawu ya ga uwata, yayarsa, ta dawo daga icce da ƙaya a ƙafa wadda ta kwantar da ita damina guda, saboda wankan jegon ƙanwata. Ya ce mata, "Yaya, wuta tana bisa kanmu kullum kyauta, ke kina zuwa nemanta wurin macizai."

Amma tun muna ƙanana ake gaya mana ruwan da rana ta dafa cikin ƙarfe yana sa albaras, fata ta yi fari-fari. An ce yana cikin littafi. Wane littafi, me ya ce daidai, ba wanda ya tambaya. Kawu yakan ce, "Ku nuna mini ruwan da rana ba ta taɓa ba a ƙasar nan. Wanda ke wuni cikin tano, duron ƙarfen nan, bisa amalanke daga rijiya fa? Da shi kuke alwala." Sai a ce wannan daban, wannan ba da gangan ba ne.

Ana cikin haka sai ƙaddara ta faɗa masa. Yana gyara zaman tukunya, hannun rigarsa ya shiga wurin zafin ya kama, bayan hannunsa ya ƙone. Ina tsakar gidan, ni na kawo ruwan da aka kashe wutar. Ya warke, amma wurin ya bar fari. Shi ke nan, gari ya sami shaidar da yake nema. A masallaci aka koma miƙa masa bakin riga maimakon hannu. Dattawan da suka shekara talatin suna cin tuwo kwano ɗaya da shi a ƙofar gida, ɗaya bayan ɗaya kowa ya ce yau ya ƙoshi. Shekara goma sha ɗaya Kawuna yana cin abinci shi kaɗai. Mutumin da ko goro bai iya ci sai ya ɓara ya ba na kusa.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan, kuma ku saurara da kyau.

Cikin shekarun nan goma sha ɗaya, kaskon bai huta ba. Akwai wata kafa a dangar bayan gidan, wajen turken awaki. Bayan azahar, in maza sun miƙe a inuwa, sai ka ga mace ta sunkuyo ta nan da bokiti biyu, ta rufe fuska da mayafi. Uwar mai jego ce, ko kakarta, ko surukarta. Kawu ba ya ɗaga kai ya kalle ta. Ya cika mata, ta fita. Na wankan safe kuwa ya koya musu su binne tukunyar cikin ƙaiƙayi su rufe da buhu, har gari ya waye da zafinsa. In ta isa gida sai ta hura kashin shanu a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi su ce icce take ƙonawa. Maƙwabciyar da ake yi wa hayaƙin ita ma bara haka ta yi.

Ni ma na yi. Haihuwata ta biyar, maigidana yana cin rani, surukata ta tsufa ba ta iya zuwa daji. Kwana arba'in da ruwan Kawu na yi wanka, surukata tana hura hayaƙi a waje. Ga fatata nan, duk mai so ta zo ta duba. Amma ranar suna, da wata ta ce Allah ya raba mu da ruwan mai madubi, na amsa da amin tare da kowa. Na faɗa yanzu, Allah ya ji, ku ma kun ji.

Kunyar wannan amin ɗin ce ta kai ni faɗa da shi. Na same shi yana goge madubai da tsumma, na ce, "Kawu, ka bar ni in tsaya bakin rijiya in lissafa su ɗaya ɗaya. Rabin matan garin nan da ruwanka suka yi wanka."

Ya ce, "Ruwa suka zo nema, ba su zo in kafa su shaida ba."

Na ce, "To kai ka ci gaba da cin tuwo kamar wanda aka kora?"

"In kin faɗa, gobe wa zai zo? Mijinta ya hana ta, ta koma daji. Ke kin huce, ita ta sha ƙaya."

Na ce masa tsoro ne ba kirki ba. Haka na faɗa wa ƙanin uwata, a gaban matarsa. Na yi wata guda ban taka gidan ba. Shi ya zo, ya tsaya daga zaure, ya ce, "Ke mai bakin nan, an buɗe ajin yaƙi da jahilci a lakwal. Idona ya fara tafiya, walƙiyar madubi ta cinye shi. Je ki koyi biro ki rubuta mini yadda ake jera su, kada in mutu da abin." Na wuce arba'in a lokacin, ina da jika. Na je na zauna kan benci gwiwata na dukan tebur. Duk harafin da kuke karantawa nan nasa ne. Kuma ina da littafi guda cike da bayaninsa, yadda ake ja da zare a gane inda haske zai taru, da irin ƙaron da ke riƙe madubi ba ya saki da zafi.

Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado. Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda muka tashi muna zagin juna tun ba mu da wando, shi ya fara magana. Ya ce kaskon ba sai an sa shi cikin rabo ba, zai farfasa madubin a zuba a rami, ƙarfen a ba masu jari bola. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da dalilinsa. 'Yarsa ta fari tana da tsohon ciki, za ta zo wankan gida kamar yadda aka saba, dangin mijinta kuwa sun aiko cewa ba za ta taka gidan da abin nan yake ba.

Na fito daga wajen mata na tsaya. Ya ce, "Ke kuma fa? 'Yar mace ba ki da ko allura a gadon nan. Koma ki zauna, baiwata."

Na ce, "Ban zo gado ba, ubangijin banza. Malam na zo tambaya."

Liman yana zaune tsakiya, shi ke rabon. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ruwan da rana ta dafa haram ne?"

Ya ce, "Ban taɓa cewa haram ba. An ce makaruhi ne, kuma malamai ma sun saɓa a kai."

"Hannun Kawu fa, albaras ne?"

Ya daɗe yana jan casbi. Ya ce, "Ƙuna ce. Ni na yi masa tofi ranar."

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya kana sane. Ana miƙa masa bakin riga a sahunka, kana kallo. Sau nawa ka faɗi wannan bayan sallama?"

Wani ya ce a fitar da ni, ba a yi wa malami haka. Liman ya ɗaga hannu ya ce a bar ni. Har yau ina jiran amsarsa.

Sai muka ji murya daga ɗakin takaba. Inna ce, matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban maza ba. Daga bayan labule ta ce, "Malam, ina da tumuni ko ba ni da shi?"

Ya ce, "Kina da shi, haƙƙinki ne. An ware miki awaki biyu."

"A mayar da awakin cikin rabo. Kaskon nake so."

Taubashina ya ce, "Inna, me za ki yi da shi? Ki tuna jikarki."

Ta ce, "Na tuna ta. Uwarta da wane ruwa kake tsammani na yi mata wanka sa'ad da ta haife ta, kana Agadas? Kaskon zai bar gidan nan, surukanka su kwantar da hankali. Amma da madubinsa zai fita, ko ɗaya ba za a fasa ba. A kai shi gidan 'yar yayarsa."

Ba ɗan da zai ce wa uwarsa a'a tana cikin takaba. Washegari aka ɗora shi bisa amalanke, na bi shi a ƙasa ina riƙe da gefe. Ban kai shi bayan gida ba. A ƙofar gida na kafa shi, gefen hanya, inda duk mai zuwa masallaci sai ya kare ido. Ni ma akwai kafa a dangar bayan gidana, na toshe ta da ƙaya, na sanar a bakin rijiya cewa mai son ruwa ta zo ta gaba, fuska a buɗe, in ba haka ba ta tafi daji.

Sati uku ba wadda ta zo. Nakan tafasa ruwa in zubar. 'Yar taubashina ta zo gida, ta sauka lafiya, aka sami mace. Iccen da ubanta ya tara ya kai su kwana goma sha biyu.

Ranar sha uku bayan azahar na ji ana taɓa ƙayar baya. Na leƙa, matar taubashina ce da bokiti biyu da mayafi har hanci. Ta ce, "Yaya, don Allah."

Na ce, "Ba ki ji abin da na faɗa a rijiya ba?"

"Na ji. Surukan yarinyar suna gari, kin sani. Tun jiya ba ta yi wanka ba."

Na tsaya ina kallonta, raina yana tafasa fiye da tukunyar. Na san abin da Kawu zai yi, zai cika mata bai ko ɗaga kai ba. Na kuma san inda hakan ya kai shi. Na janye ƙayar na ce ta shigo. Na cika bokitan biyu, na ce mata ta koma ta inda ta fito hannu wofi, ba wanda zai ce ya gan ta.

Ni na ɗauki ruwan, ɗaya a ka ɗaya a hannu, na bi ta babbar hanya, tururi yana tashi bisa kaina. Dattawa suna kwance gindin bangon masallaci, har da Liman, har da taubashina. Na tsaya na gaishe su ɗaya ɗaya, ban tsallake kowa ba. Wani ya ce, "Ina zuwa da rana haka?"

Na ce, "Ruwan Kawu ne, rana ta dafa shi. Tattaɓa kunnensa aka haifa, uwar za ta yi wanka. Ba wanda ya aiko, ni na ga dama. Akwai mai magana?"

Taubashina ya kalli Liman, Liman ya kalli casbinsa. Na juya zan wuce, bokitin hannu yana zuba mini a ƙafa, sai na ji an karɓe shi daga baya. Taubashina ne. Ya ce, "Kawo nan, kina ɓarnar ruwan mutane. Ke dai ba ki taɓa iya ɗaukar kaya ba." Ya wuce gabana da shi har gida, a gaban surukansa.

Saura kwana tara su gama arba'in. Kullum haka muke yi, shi ɗaya ni ɗaya. Ban yafe wa garin nan ba, kuma ban ce zan yafe ba. Kawu ne mai yafiya, shi kuwa kun kai shi makwancinsa.

Allah ya ji ƙansa, ya sanyaya masa makwanci, ya zaunar da shi inda za a ci abinci tare da shi.